Wa Zai Biya Mai Masauki? Kuɗin Gwamnati Da Gwajin Cututtukan Da Ake Ɗauka Ta Wurin Saduwa

(Wannan shi ne jawabin da wata uwa daga zumuntar mata, wadda ta yi aikin jinya da karɓar haihuwa har ta yi ritaya, ta gabatar a taron shugabannin ikkilisiyoyinmu. Mun buga shi bisa ga roƙon waɗanda suka halarta, domin a karanta shi a kowace majami'a.)

 

 Sa'ad da aka aiko mini da kan maganar, na kwana biyu ina juyayi, gama magana ce wadda ba mu saba yinta a gaban iyayenmu ba. Saboda haka ina neman gafara tun daga farko. Zan ambaci sunayen cututtuka yadda suke, domin a wurin aikinmu an koya mana cewa cutar da aka kasa kiran sunanta ba a iya maganinta.

Karatunmu yana cikin Bisharar Luka sura 10, daga aya 25 zuwa 37, labarin Basamariyen nan mai tausayi. Dukanmu mun san shi tun muna makarantar Lahadi. Mun san ya tsaya, ya ɗaure raunukan mutumin, ya ɗora shi a kan dabbarsa. Amma akwai aya ta 35, wadda ba mu cika yin wa'azi a kanta ba. Kashegari mutumin nan ya sa hannu a aljihu ya ba mai masauki dinari biyu, ya kuma ɗauki alkawarin biyan duk abin da ya ƙaru in ya dawo. Dinari ɗaya ladan yini guda ne na ma'aikaci a wancan zamani, kamar yadda muka gani a Matiyu sura 20. Ashe jinya tana cin kuɗi, kuma dole wani ya biya. Tambayar da na kawo mana yau ita ce, wa zai biya mai masauki?

Matar da aka ce tana wabi

Bari in ba ku labarin wata mata da na karɓa a wani ƙaramin asibitin ƙauye inda na yi aiki. Ba zan faɗi sunanta ko garin ba. Ta yi ciki huɗu. Biyu sun zube, ɗaya ta haifa ba rai, ɗaya kuma ya yi kwanaki kaɗan ya koma. Unguwa ta sa mata suna mai wabi. Uwar mijinta ta ce mayu ne, wasu suka ce iska ce, wasu a cikin ikkilisiya suka ce ta bincika rayuwarta ko akwai zunubin da ta ɓoye. Ta yi azumi, an yi mata addu'a, ta sha saiwoyi iri iri.

A ciki na biyar ta zo awo a ranar da muka dace muna da kayan gwaji. Na ɗiga jininta a ɗan allon gwajin, kafin minti 20 amsa ta fito: tunjere ne. Muka yi mata allurar fenisilin, muka lallashi mijin ya zo shi ma aka yi masa. Ta haifi ɗa namiji lafiyayye.

Abin da yake damuna har yau shi ne, wannan mata ba ta yi sakaci ba. A cikin da suka wuce ma ta zo awo. An auna ta, an duba hawan jini, an ba ta maganin ƙarin jini, ta koma gida. Kayan gwajin tunjere ne babu, domin ba wanda ya sa kuɗinsu a lissafi. 'Ya'ya huɗu suka tafi saboda rashin abin da kuɗinsa bai kai na mudun shinkafa ba.

Cututtukan da muke magana a kansu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace rana mutum fiye da miliyan ɗaya suna kamuwa da ɗaya daga cikin cututtukan saduwa waɗanda ake warkewa. A shekarar 2020 ta lissafa sababbin kamuwa miliyan 374 na cututtuka huɗu kawai. Mafi yawan masu ɗauke da su ba sa jin komai a jikinsu. Wannan shi ne dalilin gwaji: mutum yana yawo lafiya lau, cutar tana aikinta a ɓoye.

Tunjere yakan fara da ɗan miki marar zafi, ya warke da kansa, mutum ya manta, alhali ƙwayar cutar tana cikin jini shekara da shekaru. Idan mai ciki tana da shi ba a yi magani ba, fiye da rabin irin wannan ciki yakan ƙare da matsala: ɓari, ko haihuwar ɗa ba rai, ko bakwaini, ko jariri mai cuta. Bayan zazzaɓin cizon sauro, tunjere ne na biyu a duniya cikin cututtukan da ke kashe 'ya'ya a ciki waɗanda za a iya hanawa. A 2022 an ƙiyasta jarirai 700,000 ne cutar ta shafa. Maganinsa kuwa tsohon magani ne mai araha, allura ɗaya in cutar sabuwa ce, uku in ta daɗe.

Ciwon sanyi, da 'yar'uwarsa da likitoci suke kira kilamidiya, su ne suke hawa su toshe hanyar ƙwan mace. Da yawa daga cikin matan da muke kira juya, waɗanda ake yi wa gori a gidan miji, wannan ne asalin matsalarsu, kuma sau da yawa ba su ne suka kawo cutar gidan ba. Ciwon sanyi yana iya makantar da jariri a wajen haihuwa. Yanzu kuma ƙwayarsa tana ƙin jin magunguna da yawa, kuma muna ƙara mata ƙarfi duk sa'ad da muka sayi kafso biyu a kemis muka haɗiye ba tare da ganin ma'aikacin lafiya ba.

Ƙanjamau kowa ya san shi. Binciken ƙasa da aka yi a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris 2019, ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 ne suke ɗauke da ƙwayar cutar a Nijeriya, watau kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49. An samu sauƙi ƙwarai in aka kwatanta da 2001, sa'ad da gwajin mata masu ciki ya nuna kashi 5.8. Duk da haka ƙasarmu tana cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ake haifa da cutar. Idan uwa ba ta shan magani, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 za su ɗauka daga wurinta. Idan tana sha, adadin yakan sauka ƙasa da 5.

Akwai kuma ciwon hanta nau'in B, wanda ake kāre jariri daga gare shi da allura cikin sa'a 24 bayan haihuwa. Akwai ƙwayar HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa. A 2020 mata wajen 12,000 suka kamu da wannan sankara a Nijeriya, wajen 8,000 suka mutu. Tun watan Oktoba 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta, allura ɗaya tak.

Daga ina kuɗin yake fitowa?

A watan Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya. Ƙanjamau ce ta tara su. A gidanmu aka yi alkawarin, amma kasafin gwamnatin tarayya bai taɓa kaiwa can ba. Yawancin shekaru yana tsakanin kashi 4 zuwa 6.

To, wa ya riƙa biya? Baƙi ne. A 2002 aka kafa asusun duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. A 2003 Shugaba George W. Bush na Amurka ya kafa shirin PEPFAR, wanda ya kashe fiye da dala biliyan 6 a Nijeriya. Maganin ƙanjamau da aka fara bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati tun 2006, da kayan gwaji, da albashin masu ba da shawara da yawa, kaso mafi girma na kuɗinsu daga waje ya riƙa zuwa. Mun gode wa Allah domin wannan, gama akwai masu zama a majami'unmu yau, suna waƙa a ƙungiyar mawaƙa, suna aurar da 'ya'yansu, waɗanda da ba domin wannan taimako ba da tuni mun binne su.

Amma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Kuɗin baƙi yana zuwa da sunan cutar da aka aiko shi dominta. Shi ya sa a wurare da yawa za a yi wa mai ciki gwajin ƙanjamau kyauta, amma na tunjere ko na ciwon hanta a ce ta biya, ko a ce babu. Na biyu kuma, mai ba da aro yana iya karɓar abinsa. Ranar 20 ga Janairu 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da taimakon ƙasashen waje na kwana 90. Daga baya an ɗage wa magungunan ceton rai, amma aikin rigakafi da na bin mutane ƙauye ƙauye ana gwaji ya sha wahala, ma'aikata da yawa suka zauna a gida. A watan Yuli na shekarar aka rufe hukumar USAID.

Gwamnatinmu ta motsa. A watan Fabrairu 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 domin sayen maganin ƙanjamau, Majalisar Dokoki kuma ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar domin cike giɓin. A watan Disamba 2025 Nijeriya da Amurka suka sa hannu a kan yarjejeniyar lafiya ta shekara biyar, inda Amurka ta yi niyyar ba da wajen dala biliyan 2, Nijeriya kuma ta ɗauki alkawarin ƙara wajen dala biliyan 3 daga aljihunta. Darasin a fili yake: nauyin yana dawowa gida. Kuma abin ya nuna mana cewa in an matsa, ana samun kuɗi.

Akwai wata doka da nake so kowane fasto ya sani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Manufar ita ce a kowace mazaɓa a sami aƙalla ƙaramin asibiti ɗaya da yake karɓar kuɗin gudanarwa kai tsaye, awon ciki kuma yana cikin ayyukan da aka yi asusun dominsu. Kowace mazaɓa kuma ya kamata ta kasance da kwamitin jama'a mai sa ido a kan asibitin. Wa ya san sunan shugaban kwamitin mazaɓarsa a cikinmu?

Kayan aikin ma sun yi araha. Akwai ɗan allon gwaji guda da yake nuna ƙanjamau da tunjere da ɗigon jini ɗaya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa amfani da shi a awon ciki, a 2021 kuma aka sauko da kuɗinsa ƙasa da dala ɗaya. Ƙasar Kyuba, wadda ba mai arziki ba ce, ita ce ta fari da aka tabbatar a 2015 ta kawar da yaɗuwar waɗannan cututtuka biyu daga uwa zuwa jariri. Botsuwana a nan Afirka, inda ƙanjamau ta yi ɓarna fiye da tamu nesa ba kusa ba, ta sauko da yawan jariran da ke ɗauka ƙasa da kashi 5 cikin 100, aka ba ta shaidar haka a 2021. Abin mai yiwuwa ne.

Abubuwa uku da nake ji a bakin 'yan'uwa

Na fari, wasu suna cewa, don me za a kashe kuɗin jama'a a kan cutar da mutum ya jawo wa kansa ta wurin zunubi? Iyayena, ni ma na gaskata da koyarwar ikkilisiya: tsarki kafin aure, aminci a cikin aure. Haka na koya wa 'ya'yana, kuma babu kāriyar da ta fi wannan. Amma ku zo ɗakin haihuwa ku gani. Wane zunubi jariri ya yi? Matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta fa? Yarinyar da 'yan bindiga suka ɗauke, ko wadda aka yi wa fyaɗe a sansanin gudun hijira fa? A Yohanna sura 9 almajirai sun ga makaho suka fara binciken laifin wa ne, nasa ko na iyayensa. Ubangiji ya kawar da wannan bincike, ya buɗe masa ido. Ko wanda ya faɗi cikin zunubi ma, in ba a gwada shi aka yi masa magani ba, gida zai kai cutar. Gwaji ba ya koya wa kowa fasikanci. A Littafin Firistoci sura 13, firist ne aka ɗora wa aikin duba mai cutar fata, domin kāre jama'a. Duba cuta ba baƙon abu ba ne a gidan Allah.

A 1992 wani limamin Angilikan a Yuganda, Gideon Byamugisha, ya fito ya faɗa wa duniya yana ɗauke da ƙwayar ƙanjamau. Shi ne shugaban addini na fari a Afirka da ya yi haka. Bai rasa kiransa ba, ya zama dalilin da mutane da yawa suka je gwaji.

Na biyu, wasu suna cewa, mu 'yan tsiraru ne, wa zai saurare mu? Hanya ba a yi mana ba, makaranta ba malamai, filin gina majami'a ma muna fama, ga rashin tsaro, sai mu je neman kayan gwaji? Na san wannan ciwo, ni ma 'yar ƙauye ce. Amma kuɗin nan namu ne. Duk sa'ad da ka sa kati a waya, akwai harajin kashi 7.5 cikin 100 a ciki. Muna biyan kuɗin kasuwa, ana cire haraji a albashin ma'aikatanmu, arzikin man ƙasa kuma na kowa ne. Romawa sura 13 ta umarce mu mu biya haraji, ta kuma kira mai mulki bawan Allah domin amfanin jama'a. Manzo Bulus, sa'ad da za a yi masa bulala a Urushalima, ya tuna wa jarumin soja cewa shi ɗan ƙasar Roma ne, yana da haƙƙi. Nehemiya, bawa a baƙuwar ƙasa, ya yi addu'a, sa'an nan ya roƙi sarki takarda da katako, aka ba shi. Mu kuwa ba baƙi ba ne. A nan aka binne cibiyarmu.

Ku lura kuma, wannan ita ce irin buƙatar da ba za mu nema mu kaɗai ba. Tunjere ba ya tambayar mace ko majami'a take zuwa ko masallaci. Maƙwabciyarki Musulma a layi ɗaya kuke zama ranar awo, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Akbishop John Onaiyekan sun haɗa limamai da fastoci domin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. In manya sun iya, fasto da limamin ƙauye ma za su iya zuwa wurin shugaban ƙaramar hukuma da takarda ɗaya. Annabi Irmiya, a sura 29, ya faɗa wa 'yan tsirarun da suke Babila su nemi lafiyar garin da suke ciki, gama lafiyarsu tana ɗaure da tasa.

Na uku, wasu suna cewa, ai muna da asibitocin mishan, su isa. Hakika muna da gādo mai kyau. Akwai Wusasa, akwai Vom, akwai Garkida, akwai Galmi a Jamhuriyar Nijar, akwai ƙungiyar CHAN da ta haɗa asibitocin Kirista tun 1973. Amma mace mai ciki wata bakwai a ƙauyen Kano ko Katsina ko Kebbi ba za ta hau mota zuwa Jos domin ɗigon jini ba. Asibitin da ke kusa da ita na gwamnati ne. Baikon da muke tarawa ranar Lahadi ba zai iya gwada kowace mai ciki a ƙasar nan kowace shekara ba. Gwamnati ce kaɗai take da hannun da zai kai ko'ina. Asibitocinmu kuma, duk taimakon da suka samu, su ci gaba da karɓar kowa ba tare da tambayar addininsa ba, kamar yadda waɗanda suka kafa su suka yi.

Gyaran da ya kamata mu fara a gida

Kafin mu nuna wa gwamnati yatsa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yawancin ikkilisiyoyinmu suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, kuma abu ne mai kyau. Jihar Kano ma ta mai da shi doka a 2024. Amma na ga inda takardar ta bi hannun mutum biyar kafin ta kai ga fasto, kafin Lahadi duk gari ya ji. Sakamakon haka shi ne matasa suna sayen takardar ƙarya. Asirin marar lafiya amana ce. Akwai kuma dokar ƙasa ta 2014 da ta hana nuna wa masu ɗauke da ƙwayar ƙanjamau bambanci. Ku sani kuma, yau wanda yake shan maganinsa kullum har ƙwayar ta kwanta a jininsa ba ya sa wa abokin aurensa. Saboda haka a bar saurayi da budurwa su ji bayani daga ma'aikacin lafiya, su yanke shawara da saninsu.

Sa'an nan ko an kawo kayan gwaji, sai mata sun zo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai rabin haka ba. Iyayenmu maza, ku ba matanku izini da kuɗin mota su fara awo tun cikin yana wata uku. In an ce ku ma ku zo, ku zo. In an yi wa mace allura aka bar mijin, zai sāke sa mata, aikin ya zama na banza.

Abin da nake roƙo mu yi

1. Kowace ikkilisiya ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su ziyarci asibitin mazaɓarsu cikin ladabi, su tambayi mai kula da shi: ana yi wa masu ciki gwajin ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta? Kyauta ne ko nawa ake biya? Akwai allurar fenisilin? Yaushe kaya suka ƙare? Ba faɗa za a je yi ba, gama ma'aikacin nan shi ma sau da yawa a matse yake.

2. A rubuta amsoshin, a aika wa sakataren wannan tarayya, domin mu sami hoton gundumominmu duka a takarda ɗaya. Hukuma ta fi jin takarda mai kwanan wata da sa hannu fiye da ƙorafin baki.

3. Mu nemi kujera a kwamitin lafiya na mazaɓa. Muna da ma'aikatan jinya da malamai da suka yi ritaya suna zaune a gida. A tura su.

4. Mu kai buƙatar wurin kansila, da shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan majalisar jiha, da hukumar lafiya matakin farko ta jiha, tun kafin a gama shirya kasafin shekara. Buƙatar ta zama guda, a fili: a sa kuɗin gwajin masu ciki da maganinsu a kasafi, a kuma sake shi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa dama ya tambayi hukumar tarayya a rubuce, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa.

5. Mu tafi tare da mai unguwa da dagaci da liman da ƙungiyoyin matan Musulmi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6. Zumuntar mata ta ɗauki nauyin raka kowace mai sabon ciki zuwa awo, ta kuma tabbatar an yi wa 'yan matanmu rigakafin sankarar bakin mahaifa. Mai shakka ta zo ta tambaye mu ma'aikatan lafiya na cikin ikkilisiya, kada ta tsaya ga abin da aka turo mata a waya.

7. Iyayenmu fastoci, ku ba mu Lahadi ɗaya a shekara, ko wadda ta fi kusa da 1 ga Disamba, ranar ƙanjamau ta duniya. A gayyaci ma'aikatan lafiya su yi gwaji a asirce bayan sujada. In fasto da matarsa suka fara miƙa yatsa, jama'a za su bi.

Kammalawa

'Yan'uwa, firist da Balawe da suka wuce mutumin nan a hanyar Yariko ba su buge shi ba, ba su sace masa komai ba. Sun gan shi ne suka ratse. Mu ma mun daɗe muna ganin ƙananan kaburbura a bayan majami'unmu, muna yin ta'aziyya, muna cewa sai haƙuri. Haƙuri yana da kyau, amma waɗansu daga cikin kaburburan nan da ɗigon jini da allura ɗaya sun hana a haƙa su. Dinari biyun da za a ba mai masauki yana nan a baitulmalin ƙasarmu, da gumin iyayenmu da namu a ciki. Mu je mu nema cikin ladabi, mu yi ta komawa har a ba da shi.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana shirun da muka yi saboda kunya. Ka ta'azantar da iyayen da suka binne 'ya'yansu ba su san dalili ba. Ka ba shugabanninmu zuciyar tsoronka sa'ad da suke raba dukiyar ƙasa, ka ƙarfafa ma'aikatan lafiya da suke aiki hannu wofi, ka kuma ba mu bakin magana domin waɗanda ba a haifa ba tukuna. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.